Tankin Da Bai Faɗo Ba

Ni na sa jan ƙarfe a mahaɗar ƙarafan da ke ɗauke da tankin ruwan babban ɗakin lacca, kuma saura ƙiris wannan aikin nawa ya kashe ɗalibai ɗari shida. Shekara tara ke nan ban faɗa wa kowa ba sai matata. Yau na faɗa, domin matar da ta hana abin faruwa ta ajiye aiki makon jiya, kuma mutum goma sha ɗaya ne suka zo sallamarta. Na ƙirga. Har da ni, har da mai shara.

Ni mai walda ne a sashen gyare-gyare na jami'a, Mai Guduma ake ce mini. A aji huɗu na bar makaranta, don haka mai neman manyan kalmomi ya nemi wani shafin. Ita kuwa Malama, ɗalibai Maman Tsatsa suke kiran ta a bayan ido. Ta sani, ba ta taɓa nuna ta damu ba.

Shekara talatin da ɗaya, bakwai saura kwata take shigowa. Kafin ta gaisa da ɗan Adam sai ta fara buɗe wani ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta shiga ta duba na'urarta. Na'ura ce ta leƙen cikin ƙarfe. In aka sa mata gashin kai guda, sai ta nuna maka shi kamar gungumen itace. Ta girmi duk ɗaliban da ke wurin, kamfanin da ya ƙera ta ma an ce ya daina yin irinta, amma Malama ta riƙe ta da rai. Na'urar tana da wani famfo mai zuƙe iska wanda in aka yi mako biyu ba a kunna shi ba, shi ke nan. Mai shara ta ce ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ta tarar da ita durƙushe tana canza wa famfon nan mai da hannunta, ranar da ma kowa yake hutu.

Ƙarfe takwas tana babban ɗakin lacca tana koya wa 'yan shekarar farko lissafin injiniya. Ajin nan duk manyan malamai gudunsa suke yi: kai ɗari shida, lasifika ba ta aiki, alli har gwiwar hannu. Da rana kuma tana ɗakin gwaji da kofunan gilashi da ruwan gishiri da waya da ƙusoshi, tana nuna yadda wuta ke tafiya tsakanin ƙarfe da ruwa, da yadda tsatsa ke samun abincinta. Wani tsohon ɗalibinta, wanda yanzu gadoji yake ginawa, ya ce mini sau biyu ta kayar da shi a kan abu guda. Ya je yana roƙo, ya ce, "Malama, ai kusan daidai ne." Ta ce, "Ɗana, ƙarfe bai san kusan ba." Ya ce har gobe in zai sa hannu a takarda sai ya ji muryar nan.

Kowace Talata takan fita da 'yan ajinta zagaye, da wata 'yar mita a hannu da soso mai jiƙe, suna taɓa ƙofofi da bututai da turakun fitila. Mu a sashenmu dariya muke mata. Mukan ce ga likitar ƙarfe nan ta fito duba marasa lafiya.

To ga abin da na yi. Tankin nan yana zaune ne a kan dogayen ƙarafa biyu, su kuma an ɗaure su a jikin ginshiƙai, daidai saman kujerun baya na ɗakin lacca. Mahaɗa huɗu, kowace da manyan ƙusoshi huɗu masu noti. Ƙusa goma sha shida, su ke riƙe da komai. Lokacin da muka ɗora shi, shekara biyar kafin abin da zan ba da labari, sai aka samu giɓi kamar kaurin ɗan yatsa a kowace mahaɗa. Sai an cike. Ina da fallen jan ƙarfe da na yanko daga tsohuwar tukunyar dafa ruwa ta ɗakin wanki, na daɗe ina ɓoyonsa. Na ce wurin nan ruwa zai riƙa ɗiga, in na sa baƙin ƙarfe tsatsa za ta cinye shi, jan ƙarfe kuwa ba ya tsatsa. Na yanka huɗu, na huda, na zura ƙusoshin ta ciki, na ɗaure, na shafe da fenti. Wallahi ranar da alfahari na koma gida. A ganina na yi abin da ya fi wanda aka sa ni.

Kowace shekara nakan hau in buga wa kowace ƙusa guduma in saurara. Haka maigidan da ya koya mini sana'a ya koya mini: ƙarfe mai lafiya yakan amsa. Suna amsawa, sai in ƙara fenti, Babban Injiniya, shugaban sashenmu, ya sa hannu a takarda.

Wata Talata ina cikin walda sai na ga inuwa a kaina. Na ɗaga gilashin fuska, ga Malama da mitarta.

"Sannu da aiki, Mai Guduma. Wa ya ɗaure tankin ɗakin lacca?"

"Wanda ya iya."

"Me aka cike giɓin mahaɗar da shi?"

"Abin da ya fi ƙarfin tsatsarki, Malama. Jan ƙarfe ne, ba gauraye."

Na zaci za ta yaba. Sai na ga fuskarta ta canza, irin ta wanda ya taka wani abu mai motsi a cikin ciyawa.

"Ƙusoshin kuma baƙin ƙarfe?"

"Da na katako zan sa?"

"Ruwan da ke ɗiga a kai, na rijiyar nan ne mai zartsi?"

"Malama, ki koma wajen allonki. Ina ƙona ƙarfe tun kina koyon riƙe fensir."

Ba ta yi fushi ba. Ta ɗauki gwangwani biyu a kan bencina, ta zuba ruwan famfonmu a ciki. A ɗaya ta jefa ƙusa ita kaɗai. A ɗayan ta naɗe ƙusa da guntun jan ƙarfe ta jefa. Ta ce, "Kada ka taɓa. Amma ba zan jira su ba, gobe da safe nake so ka cire mini ƙusa ɗaya daga sama." Na tambaye ta dalili. Ta ce jan ƙarfe da baƙin ƙarfe in sun haɗu, ruwa mai gishiri ya shiga tsakani, batir suke zama. Wuta 'yar kaɗan tana gudana dare da rana, jan yana zaune lafiya, baƙin yana narkewa. Ta ce, "Gaskiyarka, jan ƙarfe ba ya tsatsa. Maƙwabcinsa yake sa wa."

Washegari na hau, don in rufe mata baki. Ita tana tsaye a gindin tsani. Ƙarƙashina kwanon rufi ne, ƙarƙashin kwanon silin, ƙarƙashin silin wani malami yana lacca, ina jin dariyar yara tana tasowa. Na buga wa ƙusar farko guduma, ta amsa. Na leƙo na ce, "Kin ji ko?" Ta ce, "Sa sifana."

Na sa sifana. Ban ma ja da ƙarfi ba. Kan ƙusar ya taho a hannuna kamar an tsinke busasshen kara.

Ƙusar da na ɗaure da kaurin babban yatsana, wuyanta ya koma bai kai fensir ba, baƙi ƙirin, yana marmashewa. Daga waje fenti fes, na bara da na bana. A lokacin kuma na ji wani ɗan ƙara a cikin ƙarfen da nake zaune a kai, ƙaƙ, sau ɗaya, kamar mutum ya lanƙwasa yatsa. Ban san yadda na sauko ba. Na zauna a ƙasa cikin ƙura, ni da nake da jikoki.

Ta kai ni ɗakin sanyin nan. Karon farko ke nan da na shiga, shekara ashirin ina wucewa ta ƙofarsa. Ta yanki ɗan mitsitsi daga wuyan ƙusar ta sa a cikin na'ura, ta rufe, famfo ya yi ta gurnani, can sai hoto ya fito a allo. Na ga wani abu kamar bangon da gara ta gama da shi, ramuka a cikin ramuka, da wata tsaga mai rassa kamar saiwa tana shiga can ciki.

"Wannan mene ne?"

"Ƙusarka ce."

"Amma ta amsa guduma."

"Kai ne ya amsa maka. Wuyan ba shi da bakin magana."

Ta ja ni gaban allo ta ɗauki alli. Na ce Malama ni fa ban yi boko ba. Ta ce, "Ka iya zanen da'ira ai." Ta zana babba, ta zana ƙarama mai rabin faɗinta, ta ce in gaya mata ƙananan nawa za su cinye naman babbar. Na ce biyu. Ta ce huɗu. Ta nuna mini har na gani da idona. Ta ce in kaurin ƙusa ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta ne ya rage, tawa kuwa ta wuce rabi da nisa. Sannan in ɗaya ta karye, nauyinta ba ya ɓacewa, 'yan uwanta yake hawa. Ta rubuta nauyin ruwan, wajen tan ashirin, kamar babbar mota da kayanta. Ta yi ta rubutu har allo ya cika, ta ja layi biyu a ƙasa.

"Yaushe zai faɗo?" na tambaya.

"Lissafi ba ya ba da rana. Abin da ya ce shi ne babu sauran abin da ya hana. Iska mai ƙarfi guda ɗaya ta isa."

Lokacin kuwa damina tana bakin ƙofa. Ranar Litinin mai zuwa kuma 'yan shekarar farko za su fara jarrabawa a ɗakin, awa uku uku, kujera ba ta saura. Ta miƙo mini kan ƙusar ta ce, "Riƙe, naka ne."

A ranar ta rubuta wa Babban Injiniya takarda, da hotuna da lissafi. Ta ce a kwashe ruwan, a rufe ɗakin. Washegari ta sake rubutawa, ta kai da ƙafarta. Ina gyaran wata taga a ofishinsa, don haka a kunnena aka yi.

Ya ce, "Malama, kin san ranar Litinin baƙi masu tantance kwasa-kwasai za su iso? Tankin nan shi ke ba ginin nan duka ruwa. So kike su zo su tarar da banɗaki a bushe, ɗakin lacca da kwaɗo?"

"So nake su tarar da yara da rai, ranka ya daɗe."

"Shekara biyar ina sa hannu lafiyarsa ƙalau. Ke da 'yar mitarki da soso za ki zo ki ƙaryata ni? Bari baƙi su tafi, sai mu duba. Kwana huɗu ne."

"Ƙusa ba ta san an yi baƙi ba."

Ya yi dariya ya dube ni. "Mai Guduma, ba kai ka ɗaure shi ba? Akwai matsala?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne babba." Abin da na ce ke nan. Ku rubuta shi a kaina.

Kwanakin nan ban ci abin kirki ba. Gwangwanayen nan biyu suna kan bencina. Ɗaya ruwansa ya ɗan yi ja, ɗayan ya koma kamar jini, ƙusar da ke rungume da jan ƙarfe tana zubar da kanta. Ko ganye ya motsa sai in fito in dubi sama. In na wuce ta gaban ɗakin na ga yara suna shiga da littattafai, sai in riƙa ƙirga waɗanda ke nufar kujerun baya. Matata ta lura. Ta ce, "Baban yara, wa ya mutu?" Na ce ba kowa tukuna. Da na gaya mata, ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "To ka je ka faɗa mana." Na ce in na faɗa, aiki ya tafi, gidan ma'aikatan da muke ciki ya tafi, wataƙila har a ɗaure ni, mu tara ina za mu? Ta ce, "Su ma ɗari shidan nan iyaye gare su." Ta tashi ta bar mini wurin.

Litinin da safe gari ya waye da zafi, ba ko motsin iska. Wajen ƙarfe takwas da rabi gabas ta yi baƙi. Na bar walda na ruga. Na tarar da ɗalibai cike da fili, ƙofar ɗakin lacca naɗe da sarƙa da kwaɗon da ba namu ba, Malama tsaye a gaba. Wasu na ihu, "Maman Tsatsa, jarrabawa fa!" Ta ce, "Ku ja baya har bishiyoyin can. Wanda ya matso, ya faɗi kwas ɗina tun yau." Wannan suka ji, suka ja.

Ta hango ni. "Ba ni babbar sifanarka."

Na ba ta. Ban ce zan hau ba, ita ma ba ta ce in hau ba. Mace mai shekara hamsin da wani abu, mai ciwon gwiwa, ta cire takalmi ta kama tsani, sifana rataye a wuya da igiya. Iska ta fara tasowa, takardu na tashi sama, kwanon rufi na kaɗawa. Na ga ta kai bawul ɗin da ke gindin tanki, ta sa sifana, ta ja, ta ƙara ja. Ko gezau. Ni na san ba zai motsa mata ba, domin ni na shafe shi da fenti sau biyar.

Ba jarumta ce ta hau da ni ba, kunya ce. Na bi ta tsanin baya inda ba a gani. Da na isa, ƙarfen da muke tsaye a kai yana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafata, ruwa na bugun cikin tanki, bum, bum, duk tankin yana kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Na karɓi sifanar na sa dukkan ƙarfina. A karo na uku ya saki. A daidai lokacin wani abu ya yi ƙara kamar bindiga a mahaɗar da ke bayana, kan wata ƙusa ya wuce ta gefen kunnena ya daki kwano. Tankin ya ɗan sunkuya, ba da yawa ba, kamar tsoho zai zauna. Na rufe ido na fara salati. Na ce shi ke nan.

Sai na ji hannunta a kafaɗata.

"Sauka, Mai Guduma. Ta baya. Ba ni sifanar."

"Ke fa?"

"Sai na ga ruwan ya ragu. Sauka, kana da iyali. Ba ka zo nan ba."

Na sauka. Ita ta zauna a can sama cikin iska da ruwan sama, sifana a hannu, inda duk mai ido zai gan ta. Awa biyu da wani abu ruwa yana kwarara daga bututu, ya cika fili, ya bi hanya. A cikinsa motocin baƙi suka shigo, Babban Injiniya da manyan jami'a suna tsaye da lema, ruwa har idon sawu, suna kallon wata mata jiƙe sharkaf a kan rufi.

Tankin bai faɗo ba. Abin da ya cuce ta ke nan. Da ya faɗo a kan kujeru babu kowa, da yau akwai gini mai sunanta. Amma wanda ya hana gobara ba shi da toka da zai nuna.

Kwana uku ginin babu ruwa, an ɗaga jarrabawa, baƙi suka rubuta abin da suka rubuta. Ƙarshen makon aka kawo ɗan kwangila daga waje da motar ɗaga kaya, aka sauke tankin, wai dama an daɗe da shirin canza shi. Ƙarafan da ƙusoshin da jan ƙarfena duk suka bi motar masu sayen tsohon ƙarfe. Aka kafa kwamiti a kan Malama: rufe ɗaki ba izini, ɓarnar ruwa, zubar da mutuncin jami'a a gaban baƙi.

Ta kawo hotunanta. Suka ce hoton tsatsa ai ko a juji ana samu, wa zai shaida daga tankin ƙusar ta fito? Aka ce a kira wanda ya cire. Kafin in shiga, Babban Injiniya ya tare ni a baranda, ya gyara mini wuyan riga kamar ɗan uwa. Ya ce, "In ƙusar daga tankin take, tambaya ta gaba ita ce wa ya sa jan ƙarfe. Ka yi tunanin yaranka."

Na shiga. Mutum biyar a bayan dogon tebur, Malama ita kaɗai a gefe. Kan ƙusar nan yana cikin aljihuna, hannuna a kansa, har ya yi zafi. Shugaban kwamiti ya nuna mini hoto ya ce, "Kai ka cire wannan daga tankin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙusa duk kamarsu ɗaya. Ba zan iya tunawa ba."

Ban dube ta ba. Amma na ji lokacin da suka juya kanta suka ce, to ita da ta ce akwai jan ƙarfe, wa ya sa shi? Kalma ɗaya ta rage tsakanina da titi. Sai ta ce, "Na'urata ƙarfe take nunawa, ba ta nuna suna." Suka ce wa ya taya ta buɗe bawul? Ta ce, "A hannun wa kuka ga sifana?"

Malama, ke ce kika san duk abin da na yi, da wanda na ƙi yi, kika haɗiye. Ke ce washegarin kwamitin kika tsaya a ƙofar shagona, ni ina neman ramin da zan shige, kika ce, "Mai Guduma, akwai sauran wurin da ka sa jan ƙarfe?" Na ce biyu. Kika ce, "To mu je." Muka je muka cire, ba ki ƙara ko kalma ba, har yau. Ke ginshiƙi ce irin wanda ba a yi wa fenti, a cikin bango yake, sai an rushe gida ake sanin shi ke ɗauke da shi. Na gode. Na gode a madadin 'ya'yana bakwai da suka girma a ƙarƙashin rufi, da kuma a madadin mutum ɗari shida da yanzu suke can da aurensu da 'ya'yansu, waɗanda abin da kawai suka sani shi ne wata rana Maman Tsatsa ta haukace ta hana su jarrabawa.

Ku kuma 'yan uwana masu aikin hannu, maganata gajeriya ce. Kunne da guduma suna da iyaka. In mai ilmin abu ya ce a sa sifana, a sa. Ku masu koyarwa da masu sa hannu a takarda, in lissafi ya ce a rufe ƙofa, ku rufe, ko wa ke zuwa. In kuma aka kira ku shaida, kada ku zama ni. Kan ƙusar yana nan a akwatin kayan aikina, na naɗe shi a tsumma. Duk kwamitin da yake so, ya aiko, wannan karon zan tuna. Na san abin da rubutun nan zai iya jawo mini, saura shekara biyu in ajiye aiki. Matata ta karanta, ta ce an makara amma a buga.

An makara kam. Kwamitin bai kore ta ba. Takardar ƙarin girmanta aka sa a ƙasan durowa, ba ta sake fitowa ba. Waɗanda ta koya wa lissafi a shekarar farko suka zo suka wuce ta, wasu suka zama shugabanninta. Wannan ban taɓa jin ta ambata ba. Abin da ya taɓa ta shi ne makulli. Suka ce ta yi amfani da kayan jami'a wajen tayar da hankali, suka karɓe makullin ɗakin sanyi. Ta roƙa a bar ta ko minti talatin a mako ta kunna famfo, ko a ba wani ya kunna. Aka ce za a duba. Wata huɗu ɗakin yana rufe. Da aka buɗe, na'urar ba ta sake tashi ba.

Ni aka aiko in yanka ta gunduwa-gunduwa don ta fita ta ƙofa. Ina cikin yanka na ga Malama a bakin ƙofar, alli a hannun rigarta, tsakanin lacca da lacca. Ba ta shigo ba. Amma ta cire takalmanta, ta tsaya a wurin ba takalmi har na gama.